Amsa ga mai tambaya kan ƙwayar lemun da ta ƙi tsira

Salamu alaikum ɗan uwa, ka ce ka shuka ƙwayar lemu sau biyu ba ta hito ba, kuma sai da ka shanya ta a rana tukunna. To matsalar ke nan wallahi, ƙwayar lemu ba irin hatsi ba ce, in ta bushe ta mutu. Kana hidda ta ka wanke santsin nan, ka sa a bido da ka huda gindinshi, yashi da tsohon taki, zurhin gaɓar yatsa kawai. Sati 2 zuwa 4 za ka ga ta ɓullo, wani lokaci ƙwaya guda ta ba ka tsiro biyu.

Ni nan garin Tawa nawa ƙarƙashin dogon yaro nike aje su, don ranar watan 4 tana ƙone ganye ƙurmus, kuma ka kula da awaki da tsutsar nan mai kama da kashin tsuntsu, dare guda ta cinye mini ganyen guda tas, har raina ya ɓaci.

Lemun tsami ya hi saurin yin ɗiya. Na zaƙi irin na garin Timiya da ke jihar Agadas kam yana iya kai shekara 7 ko hiye, sai dai ka kai a yi mishi aure, wato a haɗa mishi reshen lemun da ya riga ya soma ɗiya.