Hukuncin dillaliya ta ɗebi kayan da aka ba ta sayarwa ta zuba a tukunyarta

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shago a ƙofar gidanmu a wani ƙaramin gari. Yawancin kayan ciki ba nawa ba ne, matan unguwa ne ke aiko yara da su in sayar musu: man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa, kuka, wake, ƙwai, wani lokaci tumatir da tattasai. Wasu suna ba ni naira 10 cikin kowace 100, wasu su ce "ki ba ni kaza, abin da ya hau naki ne." Idan na ga tumatir ya fara laushi ko ƙwai ya tsage, nakan ɗauka in yi miya, in ajiye wa mai shi rabin kuɗi, don na ga gara haka da a zubar. In kuɗin cefane ya yanke kuma ina ɗiba daga cinikinsu in mayar daga baya. Mene ne hukuncin wannan? In kaya ya lalace ko aka sace, wa zai ɗauki asara?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya sa wa sana'arki albarka, 'yar'uwa.

Dillanci halal ne. Sahabi Ƙaisu ɗan Abu Garaza ya ce a zamanin Manzon Allah (SAW) dillalai ake kiransu, sai Annabi ya kira su 'yan kasuwa, ya umarce su da su riƙa gauraya cinikinsu da sadaka saboda rantsuwa da yasasshiyar maganar da ke shiga ciki. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi. Sai dai duk tambayoyinki suna komawa ga asali ɗaya: kayan da ke shagon mallakar masu su ne har a sayar, kuɗin da ya fito ma nasu ne, ke wakiliya ce da aka ba amana. Allah yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 58: "Lallai Allah yana umartar ku da ku mayar da amanoni ga masu su."

Game da la'ada, malamai sun yi saɓani. Imam Malik a cikin Muwaɗɗa ya halatta a ce wa mutum: in ka sayar da wannan a kan kuɗi kaza, kana da lada kaza, in ba ka sayar ba ba ka da komai. Amma ya hana a ce "kana da kaza cikin kowane dinari," domin duk sanda farashi ya ragu lada ya ragu, dillali bai san abin da zai samu ba. Hambalawa sun halatta wannan kason, sun kuma halatta "abin da ya hau naka ne," suna kafa hujja da maganar Ibn Abbas da Bukhari ya kawo a babin ladan dillanci, cewa babu laifi mutum ya ce: sayar da tufan nan, abin da ya ƙaru a kan kaza naka ne. Mafi yawan malamai ba su yarda da wannan sigar ba saboda ladan ba sananne ba ne. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne duka biyun sun halatta idan an faɗa a fili tun ranar karɓar kaya, domin rashin sanin yana gushewa da zarar an sayar, kuma ba ya kai ga husuma a al'adar kasuwanninmu. Amma da za ki yanka lada tsayayye, a ce naira 100 a kowace kwalbar mai, naira 50 a kowane mudun wake, da kin fita daga saɓanin gaba ɗaya.

Akwai sharuɗɗa biyu a nan. Idan mai kaya ta ce kawai "ki sayar a 2,000" ba ta ce rarar taki ce ba, sai kika sayar 2,300, to 300 ɗin tata ce. Annabi (SAW) ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo masa akuya, ya sayi biyu, ya sayar da ɗaya a dinari, ya dawo da akuya da dinarin duka, bai riƙe komai ba. Na biyu, da yawan matan nan ba sa fita kasuwa. In mai ya tashi a ranar kasuwa kika yi shiru kina ba ta tsohon farashi kina cin rarar, kin ci ne da rashin saninta, ba da yardarta ba. Ki gaya mata, ta sake yanka kuɗinta.

Sai maganar tukunya, kuma a nan ne na fi so ki tsaya. Niyyarki ta guje wa almubazzaranci mai kyau ce, amma abin da kike yi sayar wa kai ne: ke ce mai sayarwa, ke ce mai saye, ke kika yanke cewa tumatir ya yi laushi, ke kika yanke cewa rabin kuɗi ya dace. Malaman Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil, sun hana wakili ya sayar wa kansa ko wa ƙananan 'ya'yansa da ke ƙarƙashin kulawarsa abin da aka wakilta shi ya sayar. Dalili shi ne tuhuma. Wanda zai amfana in kaya ya kwana, ba zai dage wajen tallata shi da yamma ba, ko da bai lura da hakan a zuciyarsa ba. Sun sassauta a wurare uku: in mai kaya ya ba da izini, ko yana wurin yana gani, ko an tallata kayan har ya kai ƙarshen abin da masu saye za su taya, wakili ya ɗauka a kan wannan farashin.

Ki kuma tuna cewa abin da kika ga ya kusa zubarwa, a wurin mai shi yana da sauran amfani. Tumatir mai laushi za ta iya yankawa ta shanya ya zama kauɗa, ko ta markaɗa ta tafasa ta yi miyar gidanta. Masu tuwo-tuwo suna sayen irinsa da rahusa, wataƙila fiye da rabin da kika ajiye. Ƙuli-ƙulin da ya yi sanyi ana daka shi a yi yaji ko a kwaɗa zogale. Ƙwan da ya tsage yau, 'ya'yanta za su iya cinsa yau. Zaɓin nata ne, kuma Annabi (SAW) ya ce dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa.

Maganin yana da sauƙi: ki karɓi izinin tun ranar da aka kawo kaya, da kalmomi bayyanannu. Misali ta ce: "Kwanon tumatir ɗin nan 1,500 ne. In ya kai gobe da la'asar ki rage 500 ga duk mai saye. In ya kai jibi ki aiko min da shi, ko ki ɗauka a 750." Da wannan, miyarki halal ce, kuma ciniki ne na yarda irin wanda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta halatta. In ba ku yi haka ba, ki kira ta a waya ko ki aiki yaro kafin ki taɓa. In ta yi tafiya, ba a same ta ba, kuma kayan ba zai kai safiya ba, ki fara neman mai saye. In babu, ki kira maƙwabciya mai adalci wadda ta san farashi ta yi masa kuɗi, ki ɗauka a kan haka, ki sanar da mai shi da zarar ta dawo. Tana da damar ta amince, ko ta nemi ki biya ta kwatankwacin kayanta. Abin da ya wuce kuma, ki ƙiyasta, ki gaya wa kowacce tsakaninki da ita, ki cika mata ko ta yafe.

Ki kiyaye wajen biya. In kika sayi mudun wakenta, da kuɗi za ki biya, nan take ko zuwa lokacin da kuka sa. Bai halatta ki ce za ki ba ta shinkafa a madadinsa mako mai zuwa ba, domin musayar abinci da abinci sai hannu da hannu, kamar yadda malamai suka fahimta daga hadisin Ubada ɗan Samit a Muslim. In rance ta ba ki, wake za ki mayar, mudu da mudu.

Ƙananan abubuwa ma suna cikin lissafi. Wake mudu 20 da aka sayar gwangwani-gwangwani yakan bar rara a ƙasan kwano, wannan rarar ta mai kaya ce. Gyaran da aka saba yi wa mai saye, al'ada ta halatta shi gwargwadon yadda aka san shi, amma ƙarin da za ki yi wa 'yar'uwarki daga aljihunki zai fito. Ƙuli-ƙulin da yaranki suka ɗauka, ki ƙirga ki biya. Mai laushi kuma kada a binne shi a ƙasa a jera mai kyau a sama, domin a kan tarin abinci mai lema a ciki ne Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

Ɗibar kuɗin ciniki don cefane ba tare da izini ba: a mazhabar Malik makaruhi ne ga wanda yake da abin biya, haram ne ga wanda ba shi da shi. Tunda kin ce sai kuɗinki ya yanke kike ɗiba, halinki ya fi kusa da na biyu. Da zarar kin taɓa kuma, ya zama bashi a wuyanki har ki mayar. Ki ware gwangwani ko jaka daban don kuɗin mutane, ki sa ranar biya tsayayya, kamar kowace ranar kasuwa da yamma, ki cire la'adarki a lokacin, daga ita za ki yi cefane.

Asara tana kan mai kaya matuƙar ba ki yi sakaci ba, ba ki kuma ƙetare umarni ba. In ɓarawo ya fasa shagon da kika kulle, ko gobara ta tashi, ko tumatir ya ruɓe don kwanansa ya ƙare bayan kin sanar da ita, babu komai a kanki, kuma maganarki ake karɓa, in an tuhume ki ki rantse. Amma za ki biya in kika bar man gyaɗa a rana har ya canza wari, ko kika bar wake a buɗe ƙwari suka huda shi alhali akwai jarka mai murfi, ko kika bar kuka da daddawa a ƙasa lema ta kama su da damina, ko kika tura kayanta baya kika fara sayar da naki, ko kika ba da bashi ba da izininta ba mai saye ya ƙi biya. Haka nan in kika haɗa waken mata biyu a kwano ɗaya alhali ɗaya ya fi ɗaya kyau. Idan wata ta ce sai kin lamunce mata kowace irin asara, mafi yawan malamai ba su inganta wannan sharaɗi a kan amintacce ba.

Ki sayi littafi, kowace mace da shafinta: ranar da aka kawo, adadi, farashi, la'ada, ranar da za a rage kuɗi, da ko ta yarda ki ɗauka. Ki ƙirga kaya a gaban yaron da ya kawo, in akwai fasasshen ƙwai ko kwalbar da ba ta cika ba ki mayar masa a take.

Wallahu a'alam.