Ciwon ɓarin kai: in daina motsa jiki ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina fama da ciwon ɓarin kai, yakan tashi sau uku ko huɗu a wata. An ba ni shawarar in riƙa motsa jiki, amma sau biyu ina gwada gudu, duk sai na kwana kaina kamar zai tsage. In haƙura ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ki haƙura. Motsa jiki a kai a kai yana rage yawan tashin ciwon. A wani bincike da aka wallafa a 2011 daga ƙasar Suwidin, an raba mutum 91 kashi uku: masu motsa jiki na minti 40 sau uku a mako, masu koyon sassauta jiki, da masu shan topiramate, maganin rage yawan tashin ciwon. Bayan wata uku, sauƙin da kowane kashi ya samu ya yi kusa da na sauran. Abin da ya fi yiwuwa ya kayar da ke shi ne yadda kika fara.

Ƙwaƙwalwar mai wannan ciwo ba ta son a yi mata ba-zata. Idan daga zaune kika zabura da gudu, bugun zuciya da hawan jini da zafin jiki duk za su yi sama lokaci guda. Don haka ki ba ɗumama jiki minti 10 zuwa 15, da tafiya a hankali ana ƙara sauri kaɗan kaɗan. Yawancin mutane nan suke yin ha'inci, su yi minti biyu su ce ya isa. Bai isa ba. A ƙarshe ma kada ki tsaya cak, ki sassauta na minti 5 zuwa 10.

Ki ajiye gudu tukuna. Fara da tafiya da sauri, keke ko iyo, minti 15 sau uku a mako, kina ƙara minti 5 kowane mako har ki kai 30 ko 40. Ma'aunin ƙarfinsa mai sauƙi ne: in kina iya magana jimla guda ba tare da numfashi ya katse ba, kina daidai. In kina haki, kin wuce gona da iri.

Sau da yawa laifin ba na motsin ba ne, na yunwa da ƙishirwa ne. Ki ci abu mara nauyi awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ki fita, ki sha ruwa kamar rabin lita a wannan lokacin, sannan ki riƙa kurɓa duk minti 15 zuwa 20. Ki guji tsakar rana, ki sa tabarau mai duhu in haske na damunki. In kina ɗaga ƙarfe, kada ki riƙe numfashi wajen yunƙuri, don yana ƙara matsi a cikin kai. Ki fitar da iska yayin ɗagawa.

Ranar da ciwon ya riga ya tashi kuwa, hutu ne, motsi ƙara shi yake yi. Haka in kika fara ganin walƙiya ko dishi-dishi, alamar da kan ɗauki minti 5 zuwa 60 kafin ciwon, ki tsaya nan take, musamman in kina cikin ruwa ko kan keke.

Ba ki faɗi maganin da kike sha ba. Propranolol, wanda shi ma ake bayarwa don rage tashin ciwon, yana rage bugun zuciya, saboda haka agogon auna bugu zai yaudare ki. Topiramate kuma yana iya rage zufa, jiki ya ɗau zafi ba ki ankara ba. Kada kuma ki mayar da haɗiyar maganin ciwo kafin kowace fita al'ada: shan farasitamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, ko magungunan triptan, masu kwantar da ciwon ɓarin kai in ya tashi, kwana 10, shi kansa yana haifar da ciwon kai.

Akwai ciwon kan da ba a jira da shi. In kai ya sara miki farat ɗaya ya kai ƙololuwa cikin minti guda, ko ya zo da mutuwar ɓarin jiki, sarƙewar harshe, sanƙarewar wuya ko suma, a wuce da ke asibiti a take. Kuma tunda gudu ne ya tayar miki har sau biyu, ki sanar da likitanki kafin ki sake farawa, ki tafi masa da rubutaccen bayani: ranar da ya tashi, abin da kika ci, awa nawa kika yi barci, da irin motsin da kika yi.