Barci Nake Nema, Likita Ya Rubuta Mini Maganin Damuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Zariya, shekarata 46. Wata huɗu ke nan ina kwanciya bayan isha'i, in farka wajen ƙarfe biyu, idona biyu har kiran assalatu. Likita ya rubuta mini amitriptyline, miligiram 10 kowane dare, amma takardar cikin kwalin ta ce maganin ciwon damuwa ne. Kallon mai taɓin hankali yake mini? In sha, ko in sayi Valium kamar yadda wata abokiyar aikina ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Likitan bai yi miki wannan kallo ba, kuma abin da ya rubuta ba baƙo ba ne a asibitocinmu. An fara amfani da amitriptyline a farkon shekarun 1960 domin ciwon damuwa, kuma mai wannan ciwo akan kai shi miligiram 75 zuwa 150 a rana. An daɗe da lura cewa yana saukar da barci, domin yana toshe aikin sinadarin histamin da ke riƙe ƙwaƙwalwa a farke, kamar dai yadda Piriton ke sa mai mura gyangyaɗi. Shi ya sa likitoci ke ɗibar kaɗan daga cikinsa, miligiram 10 ko 25, su ba mai rashin barci, musamman in yana fama da ciwon jijiya ko ciwon kai na ɓari ɗaya, waɗanda maganin ke sauƙaƙawa.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, hujjar amfaninsa ga rashin barci zalla ba ta da ƙarfi. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya tana tantancewa, ta fitar a 2018 ba ta samu ingantaccen gwaji da ya tabbatar yana magance matsalar ba, duk da yawan rubuta shi da ake yi. A cikin danginsa, doxepin ne hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi domin wannan aiki a 2010, a miligiram 3 da 6. Trazodone kuwa, wani maganin damuwa da ake yawan bayarwa a can, ƙungiyar likitocin barci ta ƙasar ta ba da shawara a 2017 cewa a guje shi wajen maganin rashin barci. Duk da haka, in zaɓin tsakanin abin da likitanki ya rubuta ne da Valium na kemis, ki bi likita. Valium yana kama jiki cikin 'yan makonni, ƙwaya ɗaya ta daina isa a koma biyu, ranar da aka rasa shi kuma rashin barcin ya dawo da ƙarfin da ya fi na da.

In za ki fara, ki sha kamar awa biyu kafin kwanciya, domin in kika bari sai dare ya raba, nauyin barcin zai bi ki har cikin aji. Za ki iya tashi da asuba ki ji harshe ya manne da ganɗa kamar tsakiyar hunturu, bayan gida ya yi tauri, in kika miƙe da sauri kuma jiri ya kwashe ki, don haka ki zauna a bakin gado minti ɗaya kafin ki ɗauki buta. Kada ki haɗa shi da tramadol, domin haɗin yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya da zazzaɓi mai haɗari. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne takardar maganin zazzaɓin cizon sauro mai artemether da lumefantrine, irin su Coartem, ta yi gargaɗi kan haɗa shi da amitriptyline saboda bugun zuciya, to ranar da masassara ta kama ki, ki faɗa wa mai ba ki magani abin da kike sha. Ki kuma kulle kwalin inda hannun yaro ba zai kai ba, domin ƙwayoyi kaɗan na iya kashe ƙaramin yaro.

Farkawar ƙarfe biyun nan ce ta fi tsaya mini a rai, saboda farkawa kafin lokaci da kasa komawa tana cikin sanannun alamun ciwon damuwa. In abinci ya fita ranki, ko kina yawan kuka, ko abin da kike so a da ya daina burge ki, ki koma ki faɗa wa likitan dalla-dalla, domin miligiram 10 ba zai warkar da wannan ba. In kuma babu ko ɗaya, abin da ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sa a gaba tun 2016 shi ne horon gyaran ɗabi'ar barci kafin kowace ƙwaya: ki riƙe lokacin tashi ɗaya kullum, ki rage ƙailula, ki bar goro da shayi da Nescafe daga la'asar, in kuma barci ya ƙi zuwa ki bar gadon ki zauna cikin ƙarancin haske har sai ya dawo. Ki nemi likitan ya sa ranar da za ku duba ko maganin ya yi aiki, kuma in kin daɗe a kansa, a janye shi a hankali.

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 74, a Katsina muke, ba ya barcin dare sosai. Mai kemis na unguwarmu ya ce in saya masa amitriptyline na miligiram 25, wai yana da araha kuma ba ya kama jiki. In saya?

Amsa: Malam, kada ka saya. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma wannan magani yana cikin jerin waɗanda likitocin tsofaffi ke cewa a kauce wa ba wanda ya kai shekara 65. Dattijon da fitsari ke masa wuya, maganin na iya tsayar masa da shi gaba ɗaya har sai an sa masa roba. Yana iya tayar da hawan jinin ido, ya rikita tunani har iyali su ɗauka gigin tsufa ne ya sauko, sannan jirin da yake sawa ya kayar da mutum a hanyar bayi cikin duhu, ƙugun da ya karye a wannan shekaru kuwa ba kasafai mai shi ke komawa daidai ba. Wanda ya taɓa ciwon zuciya haɗarinsa ya fi haka. Mai kemis bai auna bugun zuciyar Baba ba, bai kuma san sauran magungunan da yake sha ba.

Ka kwana kusa da shi dare biyu ko uku ka ga abin da ke tayar da shi. Sau da yawa fitsari ne, ko ciwon gwiwa, ko dogon barcin da yake yi a zaure bayan azahar, ko minshari mai ƙarfi da numfashi ke ɗaukewa a cikinsa, kuma kowanne da maganinsa daban. Ka rubuta sau nawa yake tashi da abin da ya ce ya tashe shi, ka zuba duk magungunansa a leda ɗaya har da na gargajiya, ku tafi da su asibiti.