Tambaya da Amsa: Faci ya ishe ni, wace taya zan sa wa keken tserena?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Arkilla ne, ina da keken tsere da na saya na hannu shekara guda ke nan, ina fita da shi bayan sallar asuba, wata rana hanyar Bodinga wata rana ta Wamakko. Damuwata faci. Satin da ya wuce sau uku ina turo keke da ƙafa. Sannan ranar Asabar na shiga shataletale, wallahi ba wani gudu nake ba, tayar gaba ta zame na sha ƙasa, gwiwa da hannu duk sun ɗaye, har maiɗakina na cewa in sayar da keken in huta. Tayar da ke kai 700x23 ce, kuma kullum sai na sa mai faci ya cika mata iska har PSI 120 (ma'aunin ƙarfin iskar taya) kamar yadda aka rubuta a jikinta don an ce min haka ke hana faci. Nauyina kilo 68. Yanzu na ɗan tara kuɗi amma abokai sun raba min hankali, wasu na cewa Gatorskin, wasu GP5000, wasu kuma in nemi mai zane don ta fi kama ƙasa. Wacce ta fi riƙe kwalta, ta fi ƙarko, kuma ba ta faci? Na fara tsoron shan kwana.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Ka ba uwargida haƙuri, keken bai yi laifin sayarwa ba. Zan zo kan tayoyin da ka lissafa amma sai na fara da wannan 120 ɗin, don ko tayar zinariya ka saya in ka ci gaba da cika ta haka za ka sake shan ƙasa a shataletalen nan.

Lambar da ke jikin taya iyaka ce. Kamfani na gaya maka kada ka wuce nan, bai ce ka kai nan ba. Na rasa sau nawa zan faɗi wannan, kusan kullum sai wani ya kawo min keke taya kamar ƙarfe, in na rage iskar ya riƙa kallona kamar na cire masa kuɗi a aljihu. Ka je wajen mai faci, injinsa na mota da babur ne, yawanci ko geji babu, in ma akwai allurar ta daɗe da mutuwa, ya danna da babban yatsa ya ce maka "bari in ƙara mata ta yi tsauri awa dutsi, iska ka sa keke gudu". Mutumin kirki ne, neman halalinsa yake, amma tayar mota ya sani wadda ake sa wa 30 da 'yan kai, yatsansa ba ya bambance 80 da 120 a siririyar taya, nawa ma ba ya bambancewa kuma na shekara ina wannan aikin.

Ga abin da ya kayar da kai. Wurin da tayar keken tsere ke taɓa ƙasa ɗan ƙarami ne, bai wuce girman yatsa ba, kuma duk rayuwarka a kwana a kansa take. Taya mai iska daidai tana ɗan lotsawa, tana bin tsakuwar kwalta, tana lanƙwasa a kan ƙananan ramuka ta ci gaba da manne wa ƙasa. Wadda aka cika 120 a ƙarƙashin mutum mai kilo 68 ba ta lotsawa, tsalle take, tana taɓa ƙasa tana tashi sau ba adadi ba tare da ka lura ba. A miƙe ba ka ganin illar. Ka karkata a shataletale, ga ɗan yashin da iska ta share zuwa gefe, wanda ba a raba titinmu da shi rani da damina, tayar gaba ta yi tsalle ɗaya ta sauka a kan yashi, shi ke nan. Tayar baya in ta zame sau da yawa ana kamo ta, ta gaba ba ta ba da sanarwa.

Kuma zancen gudu ma ƙarya ce da jiki ke yi mana. Karkarwar da kake ji a hannu da sirdi ita ke sa ka ɗauka kana tashi sama, alhali ƙarfin ƙafarka ne ke tafiya a girgiza ka. A filin tsere mai sulɓi kamar tebur, e, iska mai yawa na da amfani. A hanyar Bodinga fa? Masu babban tseren keke na Tour de France da kansu, waɗanda daƙiƙa ɗaya kuɗi ce a wajensu, sun baro taya mai faɗin milimita 23 irin taka tun tuni, yanzu 28 zuwa 30 suke hawa da iska ƙasa da wadda ake sawa a da, a tseren Paris-Roubaix na Faransa mai titin duwatsu har 32 suke sawa. Su da ke da masu gwaji da injina sun rage iska, mu a nan muna ƙarawa saboda wani ya ce.

Sai zafi, wanda shi ne namu na Sakkwato. Iskar da ka sa da asuba ba ita ce a ciki da azahar ba. Ka cika taya lokacin da gari yake digiri 25, a watan Afrilu kwalta ta gasa ta ko ka jingine keken a rana ta kai 55, lissafi kawai zai nuna maka 120 ɗin nan ta haura 130, ka riga ka tsallake iyakar da kamfani ya rubuta. Ƙara da cewa kekenka na hannu ne, in birkinsa mai kama rim ne to ƙurar hunturu da yashi sun shekara suna goge gefen rim ɗin kamar sanfefa, bangon ya yi siriri. Sa yatsa ka shafa inda birki ke kamawa, in ka ji ya yi kwari a tsakiya to iska mai yawa na iya ɓalle bangon gaba ɗaya. Na taɓa gani a gaban shagona, wani yaro ya jingine kekensa ya shiga inuwa, sai muka ji ƙara kamar bindiga, masu shayi suka watse. Allah Ya so shi ba a kai yake ba. Masu sabbin rim na kabon marasa ƙugiya a baki kuma su ji da kyau, iyakarsu 72.5 ce, kuma ba kowace taya ake sa musu ba.

To daga ina jita-jitar "iska na hana faci" ta samo asali? Akwai ɗan gaskiya a gindinta, shi ya sa ta ƙi mutuwa. In iska ta yi ƙasa sosai ka faɗa rami, rim zai matse tiyub ya huda shi wuri biyu kusa da juna kamar saran maciji. Mai keken ɗaukar buhun albasa ko jarkokin ruwa ya san wannan, shi dole ya cika taya don kayansa sun fi shi nauyi. Amma maganin wannan facin isasshiyar iska ce, ba wadda ta wuce kima ba. Ƙayar tsidau kuwa, ko ta aduwa, ko fasasshiyar kwalba, ko siririyar wayar nan da ke warwatsuwa a gefen hanya in tayar tirela ta fashe, babu ruwansu da yawan iskarka. Ko 150 ka sa za su shiga.

Saboda haka kafin taya sayi famfon tsaye mai geji wanda bakinsa ke kama siririn bawul ɗin keken tsere. Da nauyinka ni zan fara ka da wajen 85 a taya 25, wajen 70 zuwa 75 a 28, ta gaba ka rage mata kamar 5 don nauyi ya fi yawa a baya, daga nan ka riƙa gyarawa da yadda ka ji hanya. Ka duba sau biyu a sati don tiyub na sace iska ko babu huji.

Yanzu tayoyin. Abu uku ka nema a taya ɗaya kuma ba a samunsu cif. Roba mai laushi ita ke kama kwalta, ita ce kuma ke saurin cinyewa. Mai tauri na daɗewa amma riƙonta ya ragu. Shimfiɗar kariya da ake sawa ƙarƙashin roba na tare ƙaya amma tana ƙara nauyi da tauri.

GP5000 ta kamfanin Continental tayar gudu ce, robarta na kama ƙasa sosai har a jiƙe, tana da shimfiɗar kariya ta wani zare mai ƙarfi da ake kira Vectran a tsakiya, amma gefenta siriri ne, dutse mai kaifi ko bakin rami na iya yanka shi, kuma da tsadarta yankan gefe ɗaya sai ka yi kwana uku kana jin zafinsa. Vittoria Corsa mai jikin auduga ta fi ta ma laushi, daɗin hawa ba a magana, ni dai ba zan ba mai bin hanyar Wamakko kullum ita ba, ta ranar gasa ce. Gatorskin ta koma ɗaya gefen, an ƙarfafa mata gefe, tana jure tarkace, tana daɗewa, amma robarta ta fi tauri kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta kai GP5000 riƙo ba. Ka tuna da ruwan farko na damina, lokacin da ƙura da man da motoci suka zubar wata da watanni suka haɗu suka zama kamar kuɓewa. Tsakanin biyun akwai Grand Prix 4-Season, shimfiɗar Vectran biyu, gefe mai ƙarfi irin na Gatorskin, roba kuma da ta fi ta kamu. Schwalbe Marathon Plus ita ce sarkin hana faci, akwai shimfiɗar roba mai kaurin milimita 5 a cikinta, tsidau ba ya kaiwa ga tiyub, amma nauyinta ya kusa ninka GP5000 sau uku, za ka ji kamar an ɗaura wa keken dutse. Ga mai zuwa aiki ko ɗalibin da ke zirga-zirgar jami'a ta yi, ga mai neman gudu a'a.

Zancen zane kuwa ka manta da shi. Mota na buƙatar zane don tayarta faffaɗa ce, ruwa na taruwa a ƙarƙashinta in tana gudu. Tayar keken tsere siririya ce mai zagayayyen baki, tana tsaga ruwan da kanta. A kan kwalta irin robar da yawan iska su ke riƙo, ɗan zanen da kake gani a gefen irin waɗannan tayoyi kusan ado ne. A kan yashi kuma babu siririyar tayar da za ta cece ka, ka rage gudu tun kafin ka shiga kwana, kada ka damƙi birkin gaba kana karkace.

Da kuɗin a hannuna suke, da 28 zan saya in dai firam da birki sun bar wuri, ka auna, ana son ratar kamar milimita 4 kowane gefe, tsofaffin kekuna da yawa 25 ce iyakarsu. 4-Season gaba da baya in ka samu. In kuɗi bai kai ba ko ba a samu ba, sa mai kamu a gaba, Gatorskin ko wata mai tauri irinta a baya, tunda baya ce ke ɗaukar nauyi, ita ke saurin cinyewa kuma ita ta fi yin faci. Kuma don Allah kada ka yi dabarar nan ta mayar da cinyayyiyar tayar baya zuwa gaba wai don su ƙare tare. Sabuwa gaba take zuwa, ta gaba ta koma baya. Yawancin tayoyin tsere na Continental na da wasu ƙananan ramuka biyu a kan robar, ranar da suka shafe tayar ta gama aiki. Ka kula da jabu da kuma tsohon kaya da ya sha rana a rataye, lanƙwasa gefen da hannu, in ka ga tsage-tsage ka ajiye ko da sunan wa aka buga a jiki. Kada a goge maka taya da kananzir ko baƙin mai don ta yi sheƙi, suna cin roba.

Masu tambayar taya marar tiyub, ruwan da ake zubawa a ciki na toshe hujin tsidau kafin ma ka sani, wannan gaskiya ne, amma a zafinmu yana saurin bushewa, sai ka riƙa dubawa kana ƙarawa akai-akai, kuma sai rim ɗinka ya dace. Ba da shi zan fara ka ba.

Faci uku a sati ɗaya kuma ya sa ni zargin abu ɗaya ne ke huda ka sau uku. Sau da yawa ana liƙe tiyub a mayar ba a laluba cikin tayar ba, ƙayar ko wayar na nan a maƙale, kanta kawai ya leƙo ciki, sai ka hau ta sake tsira. Cire tayar, juya cikinta, bi ta da auduga ko tsumma a hankali, inda ya sarƙe nan abin yake. Ka duba tsohon tiyub ɗin ma. Huji a bayansa ƙaya ce ko waya. Huji biyu a jere rami ne. In kuma hujin na ɓangaren da ke kallon rim to ƙyallen da ke rufe ramukan rim ɗin ne ya goce ko ya tsage, abin da yawan iska da zafi ke saurin jawowa, kuma canza shi bai kai kuɗin tiyub biyu ba. In za ka ɗaura sabuwar tayar ka daidaita rubutun jikinta da bawul, ta haka duk ranar da ka samu huji a tiyub za ka san daidai inda za ka nema a tayar.