Amsa ga mai Corolla da birkinta ke riƙe tayar gaba

Wa alaikumus salam Malam. Na karanta tambayarka: motarka da safe tana tashi garau, amma kafin ka kai Jiratawa sai ta yi nauyi, tayar gaba ta dama ta ɗau zafi, ga warin ƙonewa, ga shan esans ya ƙaru, kuma sau biyu ana canza maka plaket, wato takalman birkin da ke matse diskin taya, abin bai daina ba. Allah ya sawwaƙe. Na yi tuƙin haya tsakanin Maraɗi da Dakoro kafin in zauna garaji, wannan ciwon kuwa na san shi ta gefen direba da ta gefen makanike. Roƙona gare ka, kada ka ƙara sayen komai sai an gano ko man birki ne ke riƙe tayar, ko ƙarfe ne ya cije. Plaket ba ita ke da laifi ba, ita ake cinyewa.

Gwajin bai da wuya. Ka tuƙa motar har ta fara riƙewa, ka kai ta garaji da zafinta, don in ta huce sai ta saki, makanike ya ce bai ga komai ba. A ɗaga ta da krik, a tokare ta da abin da zai riƙe ta, a taka birki sau da yawa a saki, a juya tayar da hannu. In ta ƙi juyawa, a sa kile mai lamba 8 ko 10 a ɗan sassauta ƙusar purje, wadda ake fitar da iska da ita, da ke jikin etiriye, wato ƙarfen da ke matse plaket a kan diski. Nan za ka tsaya ka gani da idonka.

In mai ya feso da ƙarfi, taya ta saki nan take, to etiriye lafiyarsa ƙalau, mai ne ke tafiya bai samun hanyar komawa. Tunda taya ɗaya ce, zargina ya fi ƙarfi a kan fleksibil, tiyon robar nan da ke kai mai ga taya. Yakan ruɓe ta ciki alhali ta waje sumul yake, shi ya sa yake yaudarar mutane. Ƙarfin ƙafarka na tura mai ya wuce, amma wajen dawowa ba mai tura shi, sai ya maƙale. Domin a tabbatar, a sake taka birki, a sassauta bututun ƙarfe daga can sama wajen metir silinda, famfon da pedal ke turawa ya aika mai ga tayoyi. In tayar ba ta saki a can ba amma ta saki a purje, fleksibil ne. A canza na dama da na hagu tare, shekarunsu ɗaya.

In kuwa an sassauta purje tayar na nan daram, ƙarfe ne. Wannan shi na fi gani a garin nan. Etiriye na zamewa ne kan ƙusoshi biyu masu rigar roba, fistan da ke tura plaket ma da tasa robar. Da zarar roba ta tsage, rairayin hanya ya shiga, damina ta zo a ratsa ruwa da laka, ga mai wankin mota na feshi da ƙarfi, sai tsatsa ta kama. Ka ce a nuna maka tsofaffin plaket ɗin. In ɗaya ta cinye har ƙarfe ɗaya na da nama, yawanci ƙusoshin ne suka cije. A zare su, a goge, a shafa giris na silikon, a sa sabbin robobi. Abin da ke ɓata mani rai shi ne yadda ake shafa musu giris na rulma (ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu) ko baƙin man inji. Irin wannan mai kumbura robar birki yake yi, bayan ƴan watanni ta riƙe fiye da da. An taɓa kawo mani wata Hiace da aka ƙara wa man inji a cikin kofin man birki a kan hanya, sai da muka canza duk wata roba da ke cikin birkin, tun daga metir silinda har ƙafafu huɗu. Fistan kuma in tsatsa ta ci jikinsa ya yi ramuka, gogewa ba ta fid da shi, sabo za a sa.

Ga waɗanda tasu ke riƙe taya biyu ko duka huɗu in ta yi zafi: ku duba pedal. Dole ya zama da ɗan wasa na ƴan milimita kafin ya kama. In an ɗaure sandarsa ko makunnin jar wuta fiye da kima, ƙaramin ramin da mai ke komawa kofi ta cikinsa ya toshe. Na baya kuma, wayar birkin hannu ce ko sifirin na cikin tambur, gangar birkin baya.

Man birki kansa yana shan danshi daga iska. Sabon man birki irin DOT 4 sai ya kai zafin digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa digiri 155 ya ishe shi. In ya tafasa, pedal zai tafi ƙasa ba birki, kuma birkin da ke riƙewa shi ke kai mai ga wannan zafin. Don haka, don Allah, kada ka ɗauki iyali zuwa Tasawa ko Katsina da motar nan a haka. In ta yi zafi a hanya ka tsaya ta huce da kanta, kada ka kwara wa diski ruwa, lanƙwashewa zai yi. A canza man gaba ɗaya duk shekara 2, daga gwangwanin da aka buɗe gabanka, irin wanda aka rubuta kan murfin kofin.

Bayan gyara a duba rulmar wannan tayar, zafi na narkar da giris ɗinta. A fitar da iska, ka taka pedal har ya yi tauri kafin ka motsa motar. Ka dawo ka faɗa mana abin da tayar ta yi da aka sassauta purje, sai mu san inda za mu dosa. Allah ya tsare hanya.