Amsa ga mai tambaya kan takardun direbobin tirela

Wa alaikumus salam. Malam, na ga tambayarka: mahaifinka ya danƙa maka tireloli shida a Daura, masu ɗauko siminti da hatsi, kana son sanin yadda za ka riƙe takardun direbobi don kada 'yan Road Safety su riƙa tsare maka motoci. Allah ya taya ka riƙo. Na shekara goma sha ɗaya ina wannan aikin wa wani Alhaji a nan Katsina, bari in faɗa maka abin da na gani.

Tun da motocinka sun kai biyar, a wurin FRSC, wato hukumar Road Safety, kai mai ayarin motoci ne, ka shiga tsarin RTSSS na sa ido kan masu ayarin motoci da suka fito da shi a 2007. Za ka yi rajista, ka naɗa mai kula da lafiyar tuƙi, kuma suna iya zuwa garejinka su ce a kawo fayil. Amma ni shawarata kada ka tara takarda don tsoron shinge. Na shinge mai sauƙi ne, tara ce a biya a wuce. Ranar da takarda ke nuna amfaninta ita ce ranar haɗari, Allah ya kiyaye.

Ga abin da ya koya mini hankali. Muna da direba, dattijo, hannunsa a sitiyari ba a magana. Na karɓi kwafin lasinsa na jefa a durowa, ban taɓa dubawa ba. Wata rana motar ta kife da taki kusa da Kankia. Ba a rasa rai ba, alhamdulillahi, amma da muka je kamfanin inshora sai suka ce lasin bogi ne. Ashe wani ɗan kamasho ya ba kuɗi ya yo masa, bai taɓa zuwa an ɗauki hotonsa da yatsunsa ba. Shi kansa bai san na bogi ba ne. Ko kwabo ba su biya ba, ni kuwa na sha faɗan da har yau ina jin sa a kunne.

Don haka duk direban da zai hau motarka, ka karɓi lasin na ainihi a hannunka, ka tantance lambar a shafin FRSC ko a ofishinsu. Ka duba aji: tirela ajin G take buƙata. Da yawa suna yawo da B ko E, suna cewa ai lasin lasi ne. Ba haka ba ne. Kuma lasin haya sai mutum ya kai shekara 26, da takardar likita. Ni ina ƙara gwajin ido da na hawan jini duk shekara da kuɗin kamfani, don direba ba zai taɓa ce maka ba ya gani da daddare ba, yana tsoron a karɓe makulli.

Ka raba fayil biyu: na direba daban, na mota daban, domin direba yana canza mota. A na direba: lasi, NIN, takardar likita, mai tsaya masa, da duk wata tara ko gogayya da ya taɓa yi, da kwanan wata. A na mota: fatikula, takardar VIO, inshora, shaidar na'urar taƙaita gudu (tun Fabrairun 2017 ake kama manyan motocin da ba su da ita), da rasit ɗin bakanike. Inshorar ma ka duba ta a NIID, shafin tantance inshora, don ita ma ta bogi tana da yawa. Taya kuma ka rubuta lambobi huɗun nan na gefenta, mako da shekarar da aka yi ta, don Road Safety shekara huɗu suke ƙirga mata. 'Yar Beljiyam mai kyan haƙori takan zo da shekara shida a kanta.

Ba ni da wata manhaja. Allo ne a bangon ofis, sunan kowa da ranar da takardarsa za ta mutu, sai ƙararrawa a waya saura wata biyu. Kwafin komai kuma yana cikin wayata da ta Alhaji.

Inda ya fi wuya shi ne littafin tafiya, kuma nan ne mutane ke yi wa kansu ƙarya. Road Safety na cewa a huta minti 15 bayan kowace awa huɗu. Direban da ya taso daga masana'antar siminti ta Obajana yana son ya sauke ya koma ya sake lodi, ba zai tsaya ba sai ka tilasta. Na sa kowa ya turo mini saƙon murya da hoton mitar mota idan ya tashi, idan ya tsaya a Tafa ko Mararrabar Jos, da idan ya iso. Ni nake rubutawa, ba su ba. Idan na ga an ci wannan tafiyar ba kwana a hanya, to ɗaya cikin biyu ne: ko an sha ƙwaya, ko yaron mota ne ya ja ogansa na barci. Na biyun ya fi yawa, kuma kowa a harkar nan ya sani, da haka ma yawancin direbobinmu suka koya. Hana shi da baki ba ya aiki. Abin da na yi, duk yaron da hannunsa ya faɗa kuma shekarunsa suka kai, kamfani ya yi masa lasi, ana cirewa kaɗan-kaɗan daga kuɗinsa, na buɗe masa nasa fayil.

Direbobin da suka yi aiki da mahaifinka za su ga kamar raini ne yaro ya ce su kawo lasi. Ka fara da babbansu, ka same shi a gida, ka ce Baba ga abin da inshora ke nema, ka taimake ni. In ya miƙo nasa, sauran za su biyo baya.