Abin da Ya Sa Na Ba Anuhu Bangonsa Daban

Ɗana, tambayar da ka yi mini jiya muna tattara kaya ta kwana a raina. Dattijon nan ya kawo tsohon Littafi Mai Tsarkinsa da bango ya rabu da shi, haɗe da damin takardun Littafin Anuhu da jikansa ya sauko masa daga intanet, yana so a ɗinke su wuri guda, Anuhu ya biyo bayan Malakai, littafin ƙarshe na Tsohon Alkawari. Na ce masa zan ɗinka duka biyun, amma kowanne da bangonsa. Bayan fitarsa ka ce, "Baba, ai littafinsa ne, kuɗinsa ne, mu namu allura da zare. Mene ne laifin Anuhu?"

Mu fara da abin da hannu ke ji. Takardar Littafi Mai Tsarki kamar ɓawon albasa take, an ninke ta ƙulli-ƙulli, zare na bi ta tsakiyar ninki. Ta jikan kuwa takardar ofis ce mai kauri, falle-falle, sai dai a huda ta a ɗinke ta gefe. Idan ka cusa mai kauri tsakanin sirara, duk buɗewa nan nauyi zai taru, kafin damina biyu ƙarshen Malakai da farkon Matiyu sun yage daga gindi.

Amma ko da takardun iri ɗaya ne, ba zan haɗa ba. Bango shaida ne. Ranar da na buga "Littafi Mai Tsarki" da ruwan zinariya a kan fata, na faɗa wa duk wanda zai ɗauke shi, har tattaɓa-kunnen da bai san dattijon ba, cewa abin da ke ciki shi ne ikilisiyarsa ta karɓa. Ka sha ɗinka mai littattafai 66, ka ɗinka na 'yan Katolika mai 73. Ka lura da na Hausa mai ƙarin nan? An rubuta "duk da Afokirifa" ƙarara, don kada mai saye ya ruɗe. Kuma ko cikin ƙarin littattafai bakwai ɗin nan, irin su Tobit da Makabi, babu Anuhu.

Kada ka ɗauka raina shi nake yi. Tushen zancen ayoyi huɗu ne kacal a Farawa sura 6: 'ya'yan Allah suka ga 'yan matan mutane kyawawa, suka aure su, aka haifi ƙatti. Su wane ne 'ya'yan Allah ɗin? Farawa ba ta tsaya bayani ba, ta wuce zuwa Nuhu da ruwan tsufana. Littafin Anuhu, mai surori 108, shi ya cika wannan giɓi. Surori 36 na farko sun ce mala'iku 200 ne suka sauko kan Dutsen Harmon ƙarƙashin Shemihaza, suka yi rantsuwa da juna, suka ɗauki mata. Wani Azazel ya koya wa mutane ƙera takobi da wuƙa da garkuwa, da yin mundaye, da sa kwalli. Yahudawa ne suka rubuta shi kashi-kashi, mafi tsufa tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Almasihu, suka jingina shi ga Anuhu kakan mahaifin Nuhu.

Abin da ya hana gardamar mutuwa shi ne wasiƙar Yahuza da ke cikin Sabon Alkawari. A aya ta 14 da 15 ya ambaci Anuhu, na bakwai daga Adamu, ya ɗauko magana daga surar farko ta littafin, wadda ta ce Ubangiji na zuwa da dubban tsarkakansa don hukunci. A aya ta 6 ya yi zancen mala'ikun da suka bar mazauninsu aka ɗaure su cikin duhu, 2 Bitrus 2:4 ma haka. To, idan manzo ya ɗebi ruwa a rijiya, ba rijiyar ta halatta ba ke nan? Haka malamin ikilisiya Tartuliyan na Kartej, a Tunisiya ta yau, ya gani wajen shekara ta 200. Ya san Yahudawa ba su sa shi cikin nasu jerin ba, duk da haka ya kare shi, har ya ce Nuhu na iya adana shi a jirgi. Bayan shekaru kamar 200, Bishop Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, ya ce a'a. Bai musa cewa Anuhu ya faɗi gaskiyar da Yahuza ya ɗauko ba, amma littafin da ake cewa ya girmi ruwan tsufana, wa zai tabbatar da hannun da ya bi? Shi a ganinsa 'ya'yan Allah zuriyar Shitu ce da ta auri zuriyar Kayinu. Masu bin sa har yau suna kawo Matiyu 22:30, cewa mala'ikun sama ba sa aure. Ɗaya ɓangaren kuma su buɗe Ayuba 1:6, inda 'ya'yan Allah suka hallara gaban Ubangiji, kuma a can ba mutane ake nufi ba.

Ni dai zuciyata ta fi karkata ga mala'iku, saboda Ayuba da Yahuza. Amma sunayensu da adadinsu da abin da kowa ya koyar, wannan daga Anuhu kaɗai na ji, ba zan kafa koyarwa a kai ba. Bulus ma ya ɗauko maganar mawaƙan Helenawa a Atina, hakan bai mai da waƙoƙinsu Nassi ba. Kuma ina jin tsoron abu guda: Tartuliyan da surar kwallin nan ya yi wa mata faɗa kan ado. Ka ɗauka wani saurayi ya gāji littafin dattijon, ya tarar da ita tsakanin Malakai da Matiyu, ya hau bagadi yana cewa kwallin idon kakarsa koyarwar aljanu ce, ga shi a rubuce. Zaren da ya ɗaure masa wannan kuskure daga shagon nan ya fito.

Da wani firist ɗin Habasha ne ya shigo, da amsata ta sauya. Cocin Orthodox ta Habasha tana ƙirga littattafai 81, Henok, kamar yadda suke kiransa, yana ciki. A wurinsu kaɗai littafin ya tsira cikakke, da harshen Ge'ez, bayan Turai ta manta da shi ƙarnuka da dama. Sai a 1773 matafiyi James Bruce ya koma Turai da kwafi uku, aka fassara shi da Turanci a 1821. Daga baya aka tono guntayensa da Aramiyanci a kogo na 4 na Kumran kusa da Tekun Gishiri, wanda aka gano a 1952, sai aka tabbatar lalle tsohon littafi ne. 'Yan sana'armu na can suka riƙe shi: fatar akuya a madadin takarda, allunan katako a madadin kwali, ɗinkin sarƙa ba gam. Duk lokacin da na tuna haka nakan ji hannuna ya yi nauyi. A bangonsu Anuhu yana gidansa. Dattijonmu kuwa cocinsa 66 take karantawa ran Lahadi, kuma da na yi masa bayani ya gane, har ya ce in bar masa farar takarda a baya don rubuta tambayoyinsa.

Gobe da safe ka daidaita takardun Anuhu, ka duba lambobin shafi, na ga biyu sun juye wajen sura ta 70. Ka bar faɗin yatsa a gefen ɗinki, huda bakwai, zare mai kakin zuma. Kwali mai kauri, yadi ruwan ƙasa, rubutun bango "Littafin Anuhu" kawai. Littafi Mai Tsarkin ni zan kwance shi da kaina, kai ka tsaya kusa ka ga yadda ake jiƙa tsohon gam ba tare da takarda ta sha ruwa ba. Ran Juma'a zai zo karɓa.